Asabar Ɗin Fraji

"...an bar masa ita, na ce! Ku buɗe tagogin nan, sanyi ba zai kashe ku ba! Kawu Hamus, kai da ka ce yaron nan zai ƙare da roƙo a ƙofar majami'a, leƙo ka ji da kunnenka! Madam Amelia, fito in sumbaci hannun nan naki! An bar wa Fraji Asabar ɗinsa!"

Haka na tsaya a tsakar gidanmu na unguwar Belleville a Paris ina kwarara ihu, ƙafa ɗaya da silifa ɗaya babu, har mutanen bene na sama suka fara leƙowa suna cewa Zaira ta zare. Ban zare ba. Wanda bai san ƙanena ba shi zai ga kamar abin bai kai a yi masa ihu ba, don haka bari in faɗa muku ko wane ne shi.

Sunansa Fraji Sitbon, direban motar kaya ne a wani kamfanin wanki da guga, masu wanke wa otal-otal zannuwan gado. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da gashin baki kamar tsintsiya. A Tunis aka haife shi, a unguwarmu ta Yahudawa, a ɗakin da babanmu yake gyaran takalma da rana, mu shimfiɗa tabarma a ciki da dare. Mamarmu ba ta ƙara samun lafiya ba bayan haihuwarsa, shi ya sa ina fita firamare, da ƙyar ma na kai ƙarshenta, aka ɗaura mini shi a baya. Ni na san nauyin kansa, kuma na rantse da ran 'ya'yana tun a lokacin dutse ne. Yana da wata farar riga da ake sa masa ran Juma'a da yamma don Shabat, hutunmu na Asabar. Ran Lahadi da safe sai mun taru mu biyu mun danne shi kafin a cire ta, yana shure-shure yana cewa shi bai gama ba.

"Ba ka gama me ba?" in ji baba.

"Shabat!"

Baba ya yi dariya ya ce, "Wannan yaron zai sha wuya a hannun iyayen gida."

Maganarsa kuwa ba ta faɗi ƙasa ba. A Tunis ko maƙwabtanmu Musulmi sun san ba a kawo wa baba takalmi ran Asabar. Da muka tsallako teku muka zo Paris, sai muka tarar Asabar ita ce uwar ciniki. Fraji ya yi aiki a shagon takalma, ya yi dako a kasuwar kayan miya, ya riƙe dutsen guga a wurin masu ɗinki. Ko'ina waƙar ɗaya ce: in ba ka zo ran Asabar ba, kada ka zo ran Litinin. Ran Asabar ba ya zuwa. Ran Litinin kuma sai ya yi aski, ya goge takalmi, ya je ya tsaya a bakin ƙofa kafin kowa ya iso.

"Kai wane irin mutum ne?" na ce masa wata rana. "An ce kada ka zo, me kake nema, wulaƙanci?"

"Yaya, ni ba na korar kaina. Mai korata ya fito ya dubi idona ya faɗa. Wani sai kunya ta kama shi ya ce in shiga."

"An taɓa cewa ka shiga?"

"Ba a taɓa ba tukuna."

A haka ya yi aure, ya auri Ninette, mace mai haƙuri da kaifin harshe, a haka suka haifi 'yan matansu biyu, yau da aiki gobe babu. Sai Allah ya haɗa shi da tsoho Perrin, mai kamfanin wankin. Tsohon nan Kirista ne da bai cika zuwa coci ba, amma ya saurari Fraji har ƙarshe, ya soshi ƙeya, ya ce, "In kana tuƙi kamar yadda kake gardama, je ka ɗauki makulli." Suka sha hannu, ba takarda ba komai. Shekaru Fraji ya yi a motar nan, yana wanke ta kamar jaririya. Ninette ta sayi labule, yaran suka daina sa takalman 'ya'yana da suka yi musu kaɗan. Wannan aikin shi ne aiki na farko da ƙanena ya riƙe har ya san sunan karen mai gadi.

Amma kada ku ce don ya samu aiki ya shirya da Litinin. Litinin ɗin Paris ba ta da mutunci, balle da hunturu. Duhu, ruwa, kowa a jirgin ƙasa ya ɗaure fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Ɗakina yana ƙasa kusa da ƙofar fita, don haka ina jin saukowarsa daga bene, ƙafa na jan ƙafa. Sai ya ƙwanƙwasa tagata da yatsa.

"Yaya, Shabat ta tafi ta bar mu."

"Za ta dawo, ɗan nema. Je ka kafin ka makara."

"Da nisa fa."

"Ran Juma'a ne, ba baɗi ba!"

Sai ya yi ajiyar zuciya, ya ɗaga wuyan kwat, ya shiga duhun kamar mai zuwa kokawa. Shi a wurinsa sauran ranakun mako matakala ce kawai, a taka a wuce. Duk abu mai kyau da ya gani a hanya, ko zaitun ne, ko busasshen ƙwan kifi, ko lemo mai ganye a jiki, sai ya sayi ɗan kaɗan ya ce, "Don girman Shabat," ya kawo ya ɗora a saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa. In ya ga wanda ya fi shi kyau ran Laraba, sai a ci na farkon, a ajiye sabon. Ninette takan ce, "Da ni ake yi wa wannan hidima, da ƙofar nan ta yi mini kaɗan." Shi kuma ya ce, "Ai a bakinki take ƙarewa, sarauniya."

Sai tsoho Perrin ya gaji, ya koma ƙauye, ya bar wa ɗansa kamfanin. Ɗan ba mugu ba ne, gaskiya ɗaya ce, amma mutum ne mai sauri, kullum agogo a ido. Ya samo wani babban otal can kusa da filin jirgin sama na Orly, aiki ya ƙaru, direbobi ba su ƙaru ba.

Wata Juma'a cikin Disamba, Fraji ya dawo gareji da tsakar rana zai ajiye mota, sai ƙaramin Perrin ya tare shi.

"Sitbon, saura sawu ɗaya. Orly. Yanzu ka je ka dawo."

Fraji ya ɗaga kai ya dubi sama. Da hunturu rana ba ta jira, kafin ƙarfe biyar ta faɗi, ita ma Shabat ta shigo. Ya ce, "Yallaɓai, lokaci ya ƙure."

"Da sauran rana. Kana tsaye kana ɓata ta."

Ya auna a ransa, ya ga in hanya ta yi kyau zai kai ya dawo. Nan ya yi kuskure, shi ma ya yarda. Bai fita gari sosai ba dusar ƙanƙara ta sauko, wata babbar mota ta gitta a titi, komai ya tsaya cak. Yana zaune yana kallon sama tana sauya launi, mota tana matsawa kamar kunkuru. Da ya kai Villejuif ya san zancen ya ƙare. Ya gangara gefen titi daidai wani gidan shan kofi, ya kashe mota, ya shiga da gudu ya roƙi waya. Ya kira kamfani, ba wanda ya ɗauka. Ya kira otal ya ce kayansu sai gobe bayan faɗuwar rana, suka zage shi suka ajiye. Sannan ya zazzage aljihunsa a kan tebur gaban mai wurin: makulli, walat, takardar tuƙi, ashana.

"Riƙe mini waɗannan zuwa gobe da yamma."

Matar ta ja da baya. "Kashe kanka za ka je ka yi?"

"Gida za ni, Madam. Matata ta yi kuskus."

Ko hankici bai bari a aljihu ba, tunda ba ma ɗaukar kaya a titi ran Shabat. Ɗaura shi ya yi a wuya ya zama tufa. Ya taka da ƙafa, ya ratsa Paris tun daga kudu har Belleville cikin ƙanƙara. Muna zaune, kyandir ya ci rabi, Ninette ta gama kashe shi a ranta ta binne, sai ga ƙofa ta buɗe. Takalminsa na tsiyayar ruwa, gashin bakinsa fari fat, yana rera waƙar marabtar Shabat kamar daga wanka ya fito.

"Ina motar?" in ji Ninette.

"Tana hutawa. Ita ma ta gaji."

Bai ƙara cewa komai a kai ba sai da Shabat ta fita. A yammacin ya je ya karɓi makulli, ya kai zannuwan otal, ya tsaya ya sha faɗan da ya rage, ya mayar da mota gareji.

Ran Litinin ban jira ya ƙwanƙwasa tagata ba, na fito na tare shi.

"Ka ba shi haƙuri, ka ji? Ka sunkuyar da kai. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Haƙurin zannuwa zan ba shi, Yaya, don mutane sun kwana ba shimfiɗa. Na Asabar kuwa ba ni da shi."

Ya tarar da Perrin a tsakiyar gareji, direbobi sun yi cirko-cirko.

"Ka san abin da ka ja mini? Otal guda ba zanen gado! Ka ajiye motata a titi kamar tsohon keke ka tafi cin tuwo!"

"Na yi kuskure da na karɓi sawun, Yallaɓai. Da na ce a'a tun a nan, da ka nemi wani. Wannan laifina ne."

"To daga yau ba ruwana da alkawarin babana. Kowa yana yin Asabar, kai ma za ka yi."

"Ba zan yi ba."

Haka ya faɗa, ba ɗaga murya, kamar mai cewa ba ya shan madara a kofi. Sai wani direba mai suna Loic, dogo mai jan gashi, wanda suke cin abincin rana tare, ya yi gyaran murya.

"Yallaɓai, ai otal ɗin nan na Orly sun ce suna son kaya har ran Lahadi. Ni dai ba zan yi Lahadi ba, uwata za ta tsine mini, ga ƙwallo. Ba wa wannan mai kan jakin Lahadi, ni in ɗauki Asabar ɗinsa, kowa ya huta."

"Ba ma'aikata ne za su tsara mini mako ba!" Perrin ya juya kan Fraji. "Je ka gida. Zan yi tunani. Ran Asabar da safe zan kira ka. In ka ɗauka mu yi magana kamar manya, in ba ka ɗauka ba, ka ba ni amsa ke nan."

"Kira ni ran Juma'a, Yallaɓai, ko Asabar in taurari sun fito. Da safe ba a taɓa waya."

"Asabar da safe na ce."

"To ka gai da gida."

A duk gidanmu ni kaɗai ke da waya, saboda masu kawo mini ɗinki, kuma lambata ce a wurin kamfanin. Don haka masifar a ɗakina za ta sauka.

Makon nan ba daɗi. Fraji bai saba zama ba, ya gyara famfon kowa, ya gyara wanda bai lalace ba ma. Labari ya zaga bene. Kawu Hamus, tsohon da ke can sama, wanda ya san babanmu tun Tunis, ya sauko da sandarsa takanas.

"Kai yaro, ni ma ina kiyaye Shabat tun ba a haife ka ba, amma ban taɓa jefar da motar mutane a titi ba. Gaba za ka yi roƙo a ƙofar majami'a, ni kuwa ba ni da canji."

"In na fara, Kawu, kai zan sa ka riƙe mini hula."

Ninette ba ta yi dariya ba. Ran Alhamis ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, idanu jawur.

"Yaya Zaira, ke kika goya shi, ki yi masa magana. Ni ban ce ya yi aiki ran Asabar ba, Allah ya kiyaye. Waya ce kawai, ɗagawa ce, a ce to, a ajiye. Shekarun nan da muka samu muka miƙe ƙafa, haka za mu koma gidan jiya?"

Na je na same shi yana ɗora wata 'yar kwalbar zaitun a saman kabad, mutumin da ba shi da aiki. Na faɗa masa abin da ta ce, na ƙara da nawa. Ya saurara, ya sauko daga kan kujera.

"Yaya, ba maganar aiki yake so mu yi ba, ai ya san inda nake kwana. So yake ya ga ko zan ɗauka. In na ɗauka wannan Asabar, mai zuwa makulli zai miƙo mini, ya ce ai ɗan sawu ɗaya ne. Ina tsoro, kada ki ce ba na tsoro, tun Litinin ba na barci. Amma kwana shida nasa ne, ya yi yadda ya so da ni. Guda ɗayan ba nawa ba ne ma, balle in ba shi."

Na ce masa zaitun ɗin ya yi tsada, na fita.

Asabar da safe ya sa farar riga da kwat, ya kama hannun 'yan matansa, ya tafi majami'armu ta Yahudawa. Bai ko dubi ƙofata ba. Ba su daɗe da fita ba wayar ta fara kuka.

Wayyo, ban taɓa sanin tana da murya haka ba! Ninette ta sauko da gudu, matan bene suka biyo ta, muka kewaye tebur muka zuba mata ido kamar maciji ya shigo ɗaki. Ta yi ta yi ta gaji ta yi shiru. Can ta sake. Ninette ta cusa hannuwanta a hammata don kada su ci amanarta.

To kun san yadda abin yake a wurinmu. Ba a cewa wanda ba Bayahude ba, yi mini kaza ran Shabat. Amma in ka yi zance a gabansa ya gane da kansa, wannan wasu suna cewa da sauƙi. Haka muke yi in wuta ta mutu, mu ce, kai, ɗakin nan da duhu. Sai wata ta raɗa cewa Madam Amelia tana shara a tsakar gida. Madam Amelia ita ce mai kula da gidan, 'yar Fotugal ce, mace mai kirki, ta saba da halinmu. Na buɗe ƙofa na ce, "Madam Amelia, shigo ki ɗanɗana kek ɗin nan mana."

Ta shigo, ta karɓi kek. Kamar da baki, waya ta ɗauki kuka.

"Kai, wayar nan da ƙara take," in ji ni.

"Tun safe take yi," in ji Ninette. "Ko wane ne, ya matsu."

"Mutum ya rasa sukuni a ɗakinsa ran hutu," wata ta ƙara, don ita ma a ce ta taimaka.

Madam Amelia ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta gyaɗa kai irin na wadda ta gane komai. "Allah sarki, bayin Allah," ta ce. "Ranar hutunku guda a hana ku sakat. Ku bar ni da ita." Ta ajiye kek, ta durƙusa bayan tebur, ta fizge igiyar wayar daga bango. Kukan ya yanke ɗif. Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Shi ke nan, ku huta. Ba mai ƙara damunku yau."

Ba wadda ta iya cewa ta mayar. In mun ce, mun ba da umarni ke nan. Muka yi mata godiya, wallahi har da godiya, ta ɗauki kek ɗinta ta fita. Ninette ta zame ta zauna a ƙasa.

Da Fraji ya dawo muka faɗa masa, muna jiran faɗa, don ya riga ya ce kada a sa kowa ya ɗauki wayar. Ya dubi igiyar a yashe a ƙasa, ya dube mu, sai gashin bakinsa ya fara rawa. Ya yi dariya har ya riƙe bango, har hawaye.

"Ku mata nawa, da wayonku duka! Allah ya yi wa Madam Amelia albarka, ta fi ku sanin doka!"

"Yi dariya," in ji Ninette. "Ran Litinin sai mu dafa dariyar mu ci."

"Yau dai akwai tafina. Zubo mini, a cika."

Ya ci tafinar nan, dahuwar nama da wake ta Shabat da ta kwana a kan wuta, ya ƙara, ya yi waƙa da yara, ya yi barcin rana har da minshari. Amma ni na san shi. Da rana ta karkata, sai na ga ya tsaya a bakin taga, ya haɗa hannuwa a baya. Kowace Asabar haka yake in ta kusa tafiya, sai dai na ranar ya fi nauyi, don bai san me ke jiransa a bayanta ba.

Magariba ta yi, mutanen gida suka fito tsakar gida suna neman taurari uku, don sai an gan su Shabat take fita. Ranar kowa ya matsu, har waɗanda ba ruwansu.

"Ga su can!" in ji Kawu Hamus, yana nuni da sanda. "Ɗaya, biyu, uku. Je ka haɗa wayar!"

"Na ukun jirgi ne, Kawu. Ba ka ga yana tafiya ba?"

"Idona ya fi naka, ɗan banza!"

"To mu jira ya tsaya."

Bai motsa ba sai da sama ta cika, har mai ciwon ido ya gani. Tsohon ya yi tsaki ya hau bene. Muka shiga ɗakina, aka kunna kyandir, aka cika kofi da ruwan inabi. Fraji ya ja addu'ar rabuwa a hankali kamar mai rakiyar baƙon da ba ya so ya tafi. Da aka zo shinshina kanumfari, ya riƙe shi a hanci har Ninette ta taka masa ƙafa. Sai da ya kashe kyandir a cikin inabin, ya yi wa kowa fatan mako mai albarka, sannan ya durƙusa ya mayar da igiyar.

Shiru.

Muka zauna. Yara suka yi tsuru-tsuru. Ina jin agogon maƙwabta ta bango.

"Kira shi kai," in ji Ninette. "Yanzu ai ya halatta."

"Shi ya ce zai kira."

"Ya kira! Ya kira har ya gaji!"

"To ya huta ya sake."

Na tashi na ɗora ruwan shayi don hannuna ya samu abin yi. Ruwan bai tafasa ba ta yi kuka. Fraji ya bari ta yi sau biyu, ya gyara wuyan riga, ya ɗauka. Ni kuwa na manna kunnena a bayan nasa, ba kunya.

"Sitbon? Kana da rai ashe! Wuni guda ina kira!"

"Barka da yamma, Yallaɓai. Yanzu taurari suka fito."

"Taurari! Ni ina nan otal na cin naman jikina, kai kana ƙirga taurari. Na tambayi kowane direba a garejin nan, ba mai son Lahadi, kowa da uwarsa da cocinsa. Na ce bari in gani ko kai za ka lanƙwasu, ashe ƙarfe na kira." Ya ja numfashi. "Gobe da asuba ka zo ka ɗauki motar, Orly. Lahadi taka ce daga yanzu, da Kirsimeti, da sabuwar shekara, kada in ji ƙorafi. Loic ya ɗauki Asabar."

Ninette ta toshe baki da hannu biyu. Na ce a raina, yi godiya ka ajiye, ɗan nan. Ina!

"Juma'a fa, Yallaɓai?"

"Kada ka wuce gona da iri, Sitbon."

"Da hunturu, tsakar rana mota tana gareji. Ba don ni ba, don kada ta sake kwana a titi."

Na ƙara manna kunnena.

"Tsakar rana," in ji Perrin, kamar ana cire masa haƙori. "Akwai kuma wani abu? Faɗa mini yanzu in mutu gaba ɗaya."

"Sai bukukuwanmu na shekara, Yallaɓai. Amma wannan bari sai mun haɗu, ka samu kujera tukuna, don suna da ɗan yawa."